Shekarar da Akwati Ya Kira Sunan Maigidana

Bana ma ruwa ya yi mana rowa. An samu yayyafi, mutane suka ruga suka yi shuka, gero ya fito siri-siri kamar allura, sai sama ta bushe. Jiya da hantsi ina gindin darbejiya ina tsinkar rama, jikana yana gefe yana kallon ƙwallo a waya. Ban kula da shi ba sai da na ji mai bayanin wasan ya ja wani dogon ihu, ya shiga zubo magana da sauri kamar ana juye tsakuwa a kwano. Hannuna ya tsaya cak. Na tambaye shi wane yare ne wannan, ya ce Sifaniyanci. Na ce masa na riga shi jin sa, tun ubansa yana goye a bayana. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika.

Ba tsokana ba ce. A nan bakin tafkin Kainji, tsakanin tungarmu da hanyar Wara, an taɓa yin tashar talabijin da wannan yaren. Ba ta shekara ba, kuma ta kusa raba mu da mutanenmu.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Mu mutanen gungu ne, tsibiran da ke tsakiyar kogi kafin a datse ruwa. Ina yarinya aka kwaso mu a jirage aka zube mu a gidajen siminti masu zafi kamar tukunya, ruwa ya haɗiye gonaki da kaburburan iyaye. Manya ba su manta yadda abin ya faro ba. Wasu baƙi ne suka zo da sanduna masu ja da fari, suna leƙe ta wani ƙarfe mai ƙafa uku, suna gaida kowa da fara'a.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ana ce masa Garba Mai Albasa, ni kuwa Malam nake ce masa. Da rani ya yi albasa a bakin ruwa, da damina gero da dawa, tsakani ya jefa koma. Wata shekara da albasa ta yi kyau ya dawo daga Yelwa da akwatin talabijin mai baƙi da fari, da batirin mota, da eriya da ya ɗaure a kan gora. Shi ne na farko a tungarmu. Sai dai Sakkwato ta yi mana nisa. In an kunna, tsaki-tsaki kawai ake gani yana ta shuu, wani lokaci inuwar mutum ta gilma ta ɓace. Uwar mijina, Inna, ta ce ya sayo gidan zuma. Na lulluɓe shi da zane, ya koma wurin ɗora fitila.

Ana cikin bazarar shekarar da nake magana, wasu Turawa suka sauka a tudun da ke gabas da mu, da motoci da kwantenoni da injin wuta. An ce auna ƙasa suka zo yi don noman rani. Ba wanda ya zo ya faɗa mana haka baki da baki, a kasuwa aka jiyo. Ba su jima ba suka kafa wata doguwar sanda ta ƙarfe, suka ɗaure ta da wayoyi ta kowace kusurwa, da jar fitila a samanta.

Daminar da ta wuce dama ba ta cika rumbu ba. Da aka yi ruwan farko muka fita har da yara, maza suna sara, mu muna bi muna zuba iri muna takewa. Ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya koma gida da laka a ƙafa yana murna. Daga nan shiru. Gero ya yi ganye biyu ya nannaɗe, ya koma fari, in ka murza shi ya zama gari a hannunka. A haka azumi ya kama.

Ban taɓa yin azumi irin wannan ba. Da asuba in dama kunu da ɗan geron da na auna da tafin hannu, in ƙara dusa don ya yi kauri. Gari na wayewa mu mata mu yi daji neman tafasa da yaɗiya, su ma ba ko'ina ba, sai a kwari. Tafki ya ja baya har sai ka yi tafiya a kan busasshen taɓo mai tsage-tsage kafin ka taɓa ruwa. A can muke tonon bado, mu shanya, mu daka. Kifi ya gudu zurfi, masu koma su dawo da ƙanana da ba su fi yatsa ba. In rana ta take, kwanon ɗaki ya riƙa ƙara shi kaɗai, tabarma ta ƙona baya, yawu ya ƙafe har in ka yi salati harshe ya manne. Ƙaramina da ke goye ya daina kuka da ƙarfi, sai dai ya riƙa buɗe baki. Da la'asar kullum hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mu fito da tukwane mu jera. Yana kawowa saitin tudun nan sai ya yage biyu, ya watse.

Wata rana bayan an sha ruwa Malam ya yaye zanen akwatin, ya ce bari ya gwada ko za a ji wa'azi. Yana murɗawa sai ga hoto tangaran, irin wanda ba mu taɓa gani ba. Wani Bature ne mai gemu, zaune gaban labule, yana magana yana dariya shi kaɗai. Bayansa aka sa ƙwallo, da wannan dogon ihun. Kafin a kira isha'i tsakar gidanmu ta cika.

An sha gardama kan yaren. Malamin firamare ya ce ba Ingilishi ba ne. Wani da ya yi fatauci har Gaya ta tsallaken iyaka ya rantse ba Faransanci ba ne. Liman ya saurara da kyau ya ce babu Larabci a ciki. Sai da Malam ya kai kifi barikin Turawan ya dawo da labari. Ya ce mai gemun nan ya gan shi ido da ido, sunansa ya yi kama da Manu, don haka ma'aikata ke ce masa Manu. Shi ke gyara musu rediyon da suke magana da shi. Da ya ga 'yan uwansa sun rame da kewar gida, sai ya haɗa 'yan ƙarafunansa a cikin kwantena ɗaya, ya riƙa sa kaset ɗin da ake aiko musu daga ƙasarsu, sandar nan tana watsawa zuwa ɗakunansu. Bai san abin yana tsallakowa har tunga ba. Da Malam ya kwatanta masa da hannu, wai tsalle ya yi ya rungume shi. Daga ranar ya ce a riƙa kai masa batir yana cikawa, ba sai an kai Wara ba.

To, kusan duk tashar ke nan: mutum ɗaya, kwantena ɗaya, daga faɗuwar rana zuwa lokacin asham. Manu ya fara fitowa ya yi surutunsa, sai ƙwallo ko waƙa, sai wani wasan kwaikwayo na wata mata mai yawan kuka. Mu mata muka raɗa mata suna Ta-Rasulu, muka ƙirƙira wa kanmu abin da ke damunta, kowa da nata bayanin. Gaskiya ta rage mana yunwa. Mutum ya sha kunun da bai kai masa ko'ina ba, ya zauna ya ji haushin mijin Ta-Rasulu, har ya manta cikinsa na ɗan lokaci. Inna kaɗai ba ta kallo. Takan juya wa akwatin baya, ta ja carbi.

Ranar da abin ya fara ɓaci, ruwa aka nuna a cikin wasan. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, yana zuba a kan ganyaye kore shar, Ta-Rasulu tana gudu a ciki. Dariya ta ɗauke. Baba Nomau, ƙanen uban Malam, wanda shi ne babba a zuriyarmu, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce shi dai ya lura hadari ba ya wuce sandar nan, yanzu kuma ya ga inda ruwan yake tafiya. Wasu suka yi murmushi. Amma washegari da la'asar kowa ya fito ya zuba wa tudun ido, kuma hadari ya yage a inda ya saba.

An fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, tsofaffi suna kuka. Ba a samu ko ɗigo ba. Magana ta fara yawo. Wani ya ce ya ga jar fitilar tana ƙyafta wa gajimare. Wani ya ce ba noman rani suka zo aunawa ba, zinariya suke nema, kuma ruwa yana ɓata musu aiki. Daga nan aka gangaro kan tambayar da ta shafe mu: me ya sa akwatin Garba ne kawai ke kamawa? Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa babu wani akwatin a tungar.

Ana haka Malam ya shigo wata azahar da rabin buhu a ƙarƙashin koma. Shinkafa ce fara doguwa, ba irin tamu ba. Ya ce Manu ne ya ga ɗanmu a bayana ranar da na raka shi, ya ba shi. Na dube shi, ya kau da kai. Ni kaina a lokacin na tambayi zuciyata ko akwai abin da ya ba su wanda bai faɗa mini ba. Na dafa duk da haka, domin yaran sun riga sun gani. Na kai wa Inna, ta ture kwanon da bayan hannu.

“Ba ni cin abin da ban san mi anka saya da shi ba,” in ji ta.

Na ɗiba na kai wa maƙwabciyata Lami, wadda 'ya'yanta suka kwana biyu a kan bado. Ta karɓa ta yi godiya har da hawaye. Kafin sallar la'asar ta washegari duk tunga ta san Turawa suna ciyar da gidan Garba.

Bayan ƙaramar salla aka sake samun ɗan yayyafi, aka fita shuka ta biyu. Al'adarmu in an gama gonar wannan a wuce ta wancan. Aka bi gonaki a jere, da aka zo tamu aka tsallake. Ni da Malam muka yi ta mu kaɗai, yana sara ina bi, muna jiyo waƙar gayya a gonar gaba. Amma da magariba ba su fasa zuwa kallo ba. Sai dai yanzu ba a zama kusa da shi, kuma ba don Ta-Rasulu ake zuwa ba, an zo a ga abin da za a kama.

Aka kuwa kama. Manu ya fito kamar kullum yana zubo yarensa, sai a tsakiyar maganar ya ɗaga hannu, ya washe baki, ya ce da Hausa karyayya, “Sannu, Garba.” Kowa ya ji. Kafin a gama juyowa a dubi Malam, hoto ya canja. Ba ƙasarsu ba ce. Bakin ruwanmu ne, ga jiragenmu a kife a kan taɓo. Sannan aka nuna wani tudu a tsakiyar tafki, da kututturan itatuwa baƙaƙe, wanda janyewar ruwa ta tono. Wata tsohuwa ta ce gungu ne. Gungunmu ne, wanda rabonmu da ganinsa tun ranar da aka kwaso mu. A kansa ga Turawa biyu, ɗaya riƙe da sanda mai ja da fari, ɗaya yana buga turke. Inna ta juyo a karon farko ta dubi akwatin. A can aka binne mijinta.

“Garba, mi kac ce musu?” in ji Baba Nomau.

“Ban ce musu komi ba, Baba. Kihi nika kai musu.”

“Sandunan ga na san su. In ba ka tare da su, gobe in za a kada sandar tudu, kai za ka hwara kama igiya.”

Da hantsi maza suka nufi tudu, Malam a gaba da igiya a kafaɗa, mu mata muna bi daga nesa. Ina goye da yaro, ina ta addu'a a zuci, domin an ce masu gadin barikin suna da bindiga, kuma na san in abu ya ɓaci shi za a fara samu, ta gaba ko ta baya. Manu ya fito da gajeren wando, da fara'arsa, ya miƙa wa Malam hannu. Malam bai karɓa ba. Na ga fuskar Baturen ta sauya.

Direbansu, wani mutumin Kwantagora, shi ya yi tafinta. Manu ya ce sandar ba ta da hulɗa da gajimare, hoto kawai take ɗauka daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya ce ya gaida Garba ne don abokinsa ne. Hoton tsibirin kuwa, ya ɗauka za mu ji daɗin ganinsa. Baba Nomau ya bar shi ya gama, sannan ya yi tambaya ɗaya: za a sake tashinmu ko ba za a sake ba? Manu ya ce shi bai sani ba. Su dai suna aunawa ne su aika, abin da manya za su yi da awon ba a faɗa musu. Ina ganin gaskiyarsa ya faɗa, amma da ya yi ƙarya da ya fi masa sauƙi. Tsofaffi suka dubi juna, domin amsar da aka ba su ke nan wancan karon.

Malam ya ɗaura igiyar a jikin sandar da hannunsa. Manu ya hana masu gadi motsi. Ya shiga ya ɗauko sifana, ya ce a dakata, in aka ja haka sandar za ta faɗo kan mutane. Shi ya kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda za a tsaya. Aka ja, ta kwanta a hankali, jar fitilar ta fashe a kan dutse. Ba a yi sowa ba. Aka juyo gida, kowa yana satar kallon sama.

Ruwa bai zo ranar ba, bai zo a makon ba. Wasu suka ce ai an binne wani abu a ƙarƙashin tudun. Wasu suka ce a fasa akwatin ma. Sai da shuka ta biyu ta bi ta farko, sannan wata safiya sama ta buɗe, aka yi ruwa har katangu suka zube. Mun tsaya a cikinsa da tufafinmu. Lokacin gero ya wuce, sai wake da 'yar dawa mai saurin nuna aka samu. Masu cewa sanda ce suka ce ga shi nan, an kayar an samu. Masu cewa ba ita ba ce suka ce ai an daɗe da kayarwa. Yau ga dogayen sandunan waya a kowane gari har da bayan makarantarmu, in sabis ya ɗauke ma faɗa ake yi, amma akwai tsofaffin da har suka mutu ba a gama wannan gardamar da su ba. Gonarmu dai an shigo ta a shuka ta uku, ba tare da wani ya ba da haƙuri ba.

Bayan ruwan da kwana kaɗan Inna ta kira ni ta ce in ɗauko mayafi in raka ta. Ban san inda za mu ba sai da na ga mun hau tudu. Ta tsaya gaban Manu, ta ce wa direba ya gaya masa tunda ya san hanyar gungu har ya taka kabarin mijinta, ya kai ta kafin ruwa ya rufe. Jiragenmu ba sa zuwa can, ana tsoron kututturan da ke ƙarƙashi. Manu ya sa aka tura jirginsu mai inji.

Ruwa ya riga ya fara cin gefen tsibirin. Babu gida, babu katanga, sai laka da ɓawon katantanwa da warin ruɓa. Inna ta yi ta tafiya tana dube-dube, har ta gane wani dutsen niƙa da ya nutse rabi. Daga shi ta juya gabas, ta je wani wuri da ni ban ga bambancinsa da ko'ina ba, ta durƙusa. Ta daɗe tana addu'a. Manu ya cire hularsa ya tsaya can nesa. Da ta tashi ta nufi turken ƙarfen da suka buga, mai jan fenti a ka. Ta kama shi da hannu biyu tana girgizawa, tsohuwar da ta yi wata da watanni a kan kunu da ganye. Ya ƙi fita. Na matsa zan taya ta, sai Manu ya riga ni. Ya tuge shi ya miƙa mata. Ta jefa shi cikin ruwa, ta goge hannu a zane.

Da muka dawo muka sauka na yi wa Manu godiya, ita ba ta yi ba. Sai da muka yi nisa ta ce, “Yaron ga yana da kunya. Amma wanda ya aiko shi ban gan shi ba.”

Da kaka suka kwashe kwantenoninsu suka tafi. Ba a tashe mu ba, noman ranin ma ba mu gan shi ba. Akwatin ya koma shuu ɗinsa, ba mu taɓa sanin yadda Ta-Rasulu ta ƙare da mijinta ba.

A ranar da muka dawo daga gungu Inna ta shimfiɗa babban zane, ta zuba tufafinta da ƙaramar tukunya da ƙullin irin gero, ta ɗaure, ta ajiye bakin ƙofar ɗakinta. Malam ya ce mata ba inda za a je. Ta ce ta ji. Kowace kaka takan kwance ƙullin, ta zubar da tsohon iri ga kaji, ta sa sabo, ta sake ɗaurewa. Ta yi shekaru da yawa bayan haka, har an ba mu jihar Kabi tana raye. Ranar da ta rasu, sai da muka ɗage ƙullin nan daga bakin ƙofa kafin makara ta samu hanyar fita.